Shekarar da Na Miƙa Mabuɗin Sabar

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna ba baƙi labari cewa Malam Yohanna ne ya mai da yayarku Yagana injiniya. Ina zaune a kan darduma ina jin ku, ba na tankawa, sai dai shayin ya daina yi mini daɗi. To yau zan faɗa a rubuce, ku karanta ko bayan raina. Ni na fara ɗora hannun yarinyar nan a kan kwamfuta, tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa idan ta zauna a kujera. Ban ce Yohanna mugun mutum ba ne. Da mugu ne ma da na huta, don da na ƙi shi hankalina kwance. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa, kuma na yi kishinsa kamar zan mutu. Har gobe kishin nan bai sake ni ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in ɓoye muku ba.

A shekarun da gari ya rikice, lokacin da aka hana hawa babur, kowane titi kuma ya tsiro da shingen bincike, ina riƙe da wata sabar a wani ɗaki a saman bene kusa da Kasuwar Kifi ta Baga Road. Sabar kwamfuta ce babba da ba a kashe ta, a cikinta shafukan intanet suke zaune. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauki nauyinta. Manhaja uku muke riƙe da su, a kanta da kan wata ƙaramar na'ura da ke gefenta: ta wani asibiti mai lura da magunguna, ta rajistar mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, da ta 'yan kasuwar kifi, waɗanda su suka ba mu ɗakin. Komai na ɗakin nan warin banda yake yi, har wayoyin. Idan na buɗe cikin sabar don in kaɗe ƙura, ƙamshin miya ne yake fara fitowa.

Kowace manhaja tana da abin da muke kira log, wato wurin da take rubuta duk abin da ya same ta: wa ya ƙwanƙwasa, yaushe, me ya nema, me aka ba shi, a ina abu ya tsaya. Ita ma ƙofar sabar, wadda take karɓar baƙo ta tura shi wurin manhajar da yake nema, tana da nata. Kowane log yana can lungunsa, kowanne da irin rubutunsa, gwargwadon hankalin wanda ya ƙera manhajar. Wani yana sa rana kafin wata, wani wata kafin rana, na asibiti kuma da lokacin Landan yake aiki, ban san wanda ya ɗora masa wannan girman kan ba. Idan abu ya lalace sai in buɗe su duka, in bi sawun matsalar daga wannan zuwa wancan, ina daidaita lokutan a kaina. A duk faɗin Maiduguri babu mai iya wannan karatun sai ni. Kuma ban yarda a shiga sabar daga nesa ba. Wanda yake son ganin log sai ya hau benen nan da ƙafarsa, ya same ni.

Yagana ta gama makaranta ta dawo tana taya ni. Kullum da safe mu fito daga gida a unguwar Lamisula, ita da jakar kwamfuta a kafaɗa, ni da fulas ɗin shayi. Idan mun zo shinge mu ɗaga hannu sama kamar kowa, mu wuce, mu sauke, mu ci gaba da hirarmu. Gari yana cikin tsoro, amma ni ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan lokacin ba. Takan ja kujera ta zauna kusa da ni, ina bin layuka da yatsa, sai in ce ga ɓarawon nan. Ta zaro ido.

"Baba, yaya aka yi ka gane?"

"Za ki gane. Ki dai riƙa kallo."

Wannan tambayar tata ita ce abincina. Ku da kuka zo daga baya ba ku san yadda uba yake ji ba idan 'yarsa ta dube shi kamar babu wanda ya fi shi sani a duniya.

Ana nan sai ƙungiyar ta aiko da Yohanna daga Abuja. Mutumin wajen Biu ne, amma a nan garin ya tashi, mahaifinsa akawu ne a coci, shi Yohannan kuma yana jin Kanuri fiye da wasunku. Na girme shi nesa ba kusa ba. Ya hau benen yana haki, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya rusuna.

"Wushe, Baba Modu. Na daɗe ina jin labarinka."

Na so in sami abin da zan ƙi a gaisuwar nan, ban samu ba. Ya zauna ya kalli yadda nake aiki har azahar, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Sannan ya ce abin da ya kawo shi. Yana so a tara log ɗin nan duka su zuba wuri ɗaya, da rubutu iri ɗaya, da agogo ɗaya. Duk baƙon da ya shigo ƙofar sabar a liƙa masa lamba, lambar ta bi shi duk manhajar da ya shiga, yadda 'yan kasuwa a ƙasa suke sa wa kwalin kifi alama tun daga Baga har ya isa kudu. Sannan a riƙa tura kwafi Abuja ta dish ɗin intanet da ke kan rufinmu, domin idan abu ya lalace a gani daga can. Don ya yi wannan yana buƙatar babbar kalmar sirri, mabuɗin sabar gaba ɗaya, wanda ni kaɗai nake da shi.

"Injiniya," na ce masa, "sabar nan ba ta taɓa kwana da ciwo ba a hannuna."

"Haka ne, Baba. Amma idan ranar da ta yi ciwo an hana fita fa?"

"Sai ta jira ni. Ta saba."

Ya yi murmushi bai ja ba. Na juya don in ga Yagana ta ji amsar da na ba shi, sai na tarar ba ni take kallo ba. Takardar da ya zana wa hanyoyin log take kallo, bakinta a ɗan buɗe, da irin idon nan da na ɗauka nawa ne ni kaɗai.

Na hana shi mabuɗi, amma na yarda ya kwafi log na kwana biyu ya gwada haɗa su a kwamfutarsa. Na yi haka ne don ya sha wuya ya gane ruwan ba na wasa ba ne. Shi da Yagana suka duƙufa a kusurwar ɗaki, ni ina nawa gefen ina yi kamar ina gyaran waya, kunnena yana wurinsu. Can sai Yohanna ya ce cikin ladabi:

"Baba, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na gyara lokacin Landan, na gyara rana da wata. Amma har yanzu manhajar asibiti tana ba da amsa kafin a yi mata tambaya. Kusan kwatan awa guda."

Yagana ta dubi allon, ta dubi hannuna, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Agogon Baba ne! Wallahi agogon Baba ne!"

Gaskiyarta. Batirin da ke riƙe wa na'urar ƙofa lokaci ya daɗe da mutuwa, ba a samun irinsa a gari. Duk lokacin da wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, sai in saita ta da agogon hannuna. Agogon nan kuwa tun da aka fara dokar hana fita na tura shi gaba da kwata, kamar yadda rabin magidantan garin nan suka yi, don kada lokaci ya rutsa da mu a titi. Ita manhajar asibiti tana kan wata na'ura a gefe mai lafiyayyen batiri. Ni na san da wannan kwatar, ina cire ta a kaina ba tare da na yi tunani ba, shi ya sa ban taɓa ganinta matsala ba. Yohanna ya yi ƙoƙarin riƙe dariyarsa, har ya ce shi ma na mahaifinsa haka yake. Amma dariyar ta ƙwace masa, suka yi ta tare, su biyu, a ɗakina, a kan agogona. Ba kuskuren ne ya yi mini zafi ba. Yarinyar da take tambayata yaya na gane, yau ita ce take fassara ni ga baƙo.

Daga ranar nan gidanmu ya koma gidan Malam Yohanna. Malam fa, ku ji. Ni da na koya mata kama linzamin kwamfuta ban taɓa samun Malam ba. A kan tabarmar cin abinci sai Malam Yohanna ya ce kaza, Malam Yohanna ya nuna mini yadda ake kaza, matar Malam Yohanna ta aiko da gyaɗa. Na daina cin gyaɗa. Mahaifiyarku Falmata, wadda kuke kira Ya, Allah ya jiƙanta, tana kallona ta gefen ido tana tsince shinkafa. Wata rana bayan Yagana ta tashi ta ce:

"Baban Yagana, wai yaron nan me ya ci maka?"

"Babu. So yake ya mai da sabar tawa ta kowa."

"Ai da ma ta mutane ce. Ko gadonka ce?"

"Ke ba za ki gane ba. Idan aka haɗa log ɗin nan, kowane yaro mai ido biyu zai iya karantawa. Daga Abuja ma. To me Yagana za ta zauna yi kusa da ni?"

Ta ajiye tiren ta dube ni sosai.

"Au, ashe ba injin kake wa rowa ba."

Na yi tsaki na fita. Amma ta faɗi daidai, kuma na san ta faɗi daidai. Muddin log ɗin nan suna warwatse, karatunsu yana kaina, Yagana tana gefena. Ranar da suka haɗu, ba ta da sauran abin da za ta koya a wurina, kuma mai irin kanta ba ya zama inda ya gama koyo.

Da a ce gari lafiya yake, da na riƙe mabuɗin nan har yau. Wata safiya aka aiko daga asibiti cewa manhajarsu ta tsaya, ba sa iya fitar da magani, mutane sun cika harabar. Garin bai kwana da daɗi ba, tituna babu kowa, amma babu yadda za a ga ciwon sai an hau bene. Na ce wa Yagana ta zauna, ta ce ba ta san wannan ba, ta riga ta rataya jaka. Mun kusa shingen ƙarshe kenan muka ji ƙara daga can bayan kasuwa, ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu. Masu tsaron shingen suka yi tsawa kowa ya kwanta. Na kwanta, kuncina a kan kwalta. Sai na ji ana ihu ana cewa mai jaka, mai jaka. Na ɗaga ido na ga bakin bindiga yana kallon bayan Yagana, inda jakar kwamfutar take. Ban ga laifinsu ba, a lokacin jaka a bayan mutum ba abin wasa ba ce. Ta zare hannunta a hankali, ta tura jakar gaba, ta buɗe ta da yatsa biyu tana cewa kwamfuta ce, kwamfuta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. Aka duba, aka ce mu tashi mu ɓace.

Muka hau bene, na gano ciwon, na gyara. Ba wani abu ba ne, log ɗin asibitin ne ya yi ta kumbura har ya cinye wurin ajiya, don ba a taɓa sa masa iyaka ba. Abin da mutum zai gani daga Abuja yana shan lemo, shi na kai 'yata gaban bindiga a kansa. Da muka dawo gida Falmata ta ga ƙurar titi a gaban hijabin Yagana, daga wuya har gwiwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai:

"Ka ba shi mabuɗin."

Na san abin da zan rasa, ku rubuta wannan ku ajiye. Ba a ƙwace mini ba, ba a kore ni ba, kamar yadda na ji wasu dangi suna faɗa. Washegari na sa aka kira Yohanna, na zaunar da shi, na ce ina da sharaɗi. Manhajar rajista tana zuba sunayen mutane da ƙauyukansu a cikin log ɗinta. A warwatse a lungun da ni kaɗai na sani, da sauƙi. Amma a tara su wuri ɗaya a tura su ta sama, a irin wannan zamanin da sunan ƙauyen mutum kaɗai zai iya ja masa bala'i, ban yarda ba. A cire suna, a cire gari, a bar lamba. Na so ya yi gardama don in sami abin riƙewa. Ya ce wallahi bai yi tunanin wannan ba, ya gode, har ya rubuta a takardar da zai kai Abuja cewa shawarar Baba Modu ce. Kun ga irin mutumin da Allah ya haɗa ni da shi. Ko ƙofar ƙiyayya bai bar mini ba.

Mun yi aikin mu uku. Muka sa duk na'urorin su riƙa karɓar lokaci daga wuri ɗaya ta dish. Muka canza wa kowace manhaja bakinta, ta daina rubutu a lungunta, ta riƙa miƙa wa mai tarawa guda. Muka tsara layin ya zama iri ɗaya: lokaci, sunan manhaja, nauyin maganar, lambar baƙo, sannan bayani. Muka sa wa log iyaka, idan ya cika a naɗe tsohon a buɗe sabo. Ni na buga kalmar sirrin da hannuna, sannan na faɗa masa ita a kunne. Da aka kunna, layuka suka fara gangarowa a allo ɗaya, ƙofa ta karɓi baƙo, asibiti ya amsa, lamba ɗaya tana bin su a jere. Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ya yi kyau har na ji haushi. Yagana ta tafa hannu ta ce:

"Baba, duba! Yanzu ko ni ina ganewa!"

Na ce na gani.

Ba a rufa wata biyu ba takarda ta zo, suna son ta a Abuja, ta zauna a gaban allon nan tare da su Yohanna, don yanzu sabar garuruwa da yawa suke lura da su. Ta kawo mini takardar tana kallon ƙasa. Na ce ta tafi, me zan ce? Can babu shinge, babu kwanciya a kwalta. Ni aka bar mini bene, da janareta, da ƙurar da zan kaɗe. Ba a ƙara aiko yaro a guje a ce Baba Modu ya zo ba. Sai dai a kira ni a waya a ce, Baba, mun ga wuta ta ɗauke, a taimaka a duba man janareta. Da safe in fito daga Lamisula da fulas ɗina, in ɗaga hannu a shinge ni kaɗai, in sauke, babu wanda zan ci gaba da hira da shi.

Sai kuma aka datse layukan waya a jihar gaba ɗaya. Babu kira, babu saƙo. Mai son jin muryar nasa sai ya kama hanyar da ba kowa ke dawowa ba, ya je wata jiha. Dish ɗinmu yana aiki, amma ƙungiyar ta kulle shi, ba ya ɗaukar komai sai aikin sabar. Falmata ta rame, kullum tana cewa yarinyar nan tana can tana jin labarin garinmu a rediyo, ba ta san ko muna raye ba. Wata rana da hantsi ina zaune ina kallon layuka suna gangarowa suna tafiya Abuja, sai na ce, to ni me ya hana ni? Na buɗe mai tara log ɗin na rubuta layi ɗaya da hannuna, da lokaci, da nauyin magana, da komai yadda muka tsara, don kada ya ƙi karɓa. A wurin bayani na sa: Yagana, duk muna lafiya, Ya tana gaishe ki, ki riƙa cin abinci. Layin ya hau, ya bi sahun 'yan uwansa, ya wuce.

Ban sa ran amsa ba, domin log hanya ɗaya yake bi, daga nan zuwa can. Na zuba shayi na bar shi ya huce. Can sai na ga jan layi ya fito daga ƙofar sabar, irin wanda take rubutawa idan baƙo ya nemi shafin da babu shi. Na matso da kujera. Wani daga Abuja ya nemi shafi, sabar ta duba ba ta samu ba, ta rubuta sunan shafin da aka nema kamar yadda aka umarce ta. Sunan shafin shi ne: baba-na-gani-alhamdulillahi-ina-kuka. Kafin in gama karantawa wani ya biyo: ka-gaishe-da-ya-ka-daina-fita-da-wuri.

Na karanta har ban san adadi ba, na share fuska da hular kaina, na sauko benen nan da gudu kamar yaro don in kai wa mahaifiyarku. Ina tsakiyar matakala, murna ta cika ni, sai wani abu ya tsayar da ni cak, na riƙe bango. Wannan dabarar ta neman shafin da babu shi, ba ni na koya mata ba.